Wa Zai Sa Tsoho Ya Sake Hali?

Ko kai kake karanta wannan takarda da kanka, ko kuwa ɗanka ne yake karanta maka ita a zaure, ina so ka ba ni aron hankalinka, domin a kan hankalin ne ma za mu yi magana.

Ka san yadda ƙasar noma ta yi mana kaɗan a nan yankin Matamaye. Mutane suna haihuwa, gona ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke raba ta. Saboda haka da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai rigimar iyaka ta tashi. In an je gaban mai gari, tambayar farko ita ce, wane dattijo ne ya san wurin? Na taɓa tsayawa a bakin wata gona ranar da aka ɗauko irin wannan dattijo a amalanke. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka yi jinginar gonar a gabansu. Aka ce, "Baba, ina iyakar take? Nawa aka bayar?" Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi murmushi, sa'an nan ya tambaya ko matarsa ta dawo daga rijiya. Matar kuwa ta fi shekara goma a ƙasa. Jikinsa lafiya lau, da safen nan ma ya shanye ƙwaryar furarsa. Amma iyaka ta tafi, lissafin jingina ya tafi, shaida ta tafi. Aka watse ba a raba gardama ba, har yau gidajen nan biyu ba sa gaisawa.

Mukan ce gigin tsufa ne, ko mu ce wane ya ruɗe, sai mu rufe magana. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu. In tsohuwa ce kuwa, ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya rushe tun tuni, tana kiran sunayen matattu, ba wuya ka ji an ce mayya ce. Allah ya kiyashe mu da wannan zalunci. Ciwo ne kamar sauran ciwuka, sai dai shi mazauninsa ƙwaƙwalwa. Kuma ba kowace mantuwa ce shi ba. Wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa, ya yi ta lalube har ya tuna, wannan tsufa ne kurum, ni ma da nake rubutun nan ina yi. Wanda ya riƙe carbin a hannu bai san ko na mene ne ba, shi ne mai ciwon.

Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa ana kiransa da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana shi a 1906. Wani abu ne kamar dauɗa ke taruwa cikin ƙwaƙwalwa yana kashe ta sannu a hankali. Na biyunsa daga jijiyoyin jini yake zuwa, kuma duk mai lambu a fadamun Ƙorama zai gane shi nan da nan. Ƙwaƙwalwa lambu ce mai fangali dubu, kowane fangali da ƴar hanyar ruwansa. In hanya ɗaya ta toshe ko ta fashe, fangalin nan ya bushe, alhali sauran lambun kore shar. Bana ɗaya, baɗi biyu, ba mai lura, sai ranar da aka duba aka ga rabin lambu ya tafi. Babban abin da ke ɓata hanyoyin nan shi ne hawan jini, wanda mukan ce wa tansiyo. Sau da yawa ma iri biyun a kai ɗaya suke haɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 57 a 2021, kuma fiye da 60 cikin 100 nasu ba a ƙasashen masu arziki suke ba. In ya kama, babu maganin da ke warkar da shi. Amma ga inda labarin ya yi daɗi. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta Ingila ta kafa, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya faɗa a 2024 cewa wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon yana da alaƙa da abubuwa 14 waɗanda ɗan Adam zai iya gyarawa. Ba zan jera maka su duka ba. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, zama ba motsi, nauyin kunne da raunin gani da aka bari ba magani, buguwa a kai, shaƙar hayaƙi, kaɗaici, da rashin karatu tun yarinta. Ka lura fa, wannan lissafin jama'a ne gaba ɗaya, ba alkawari ne ga mutum guda ba. Akwai wanda zai kiyaye duka ya ruɗe, akwai wanda zai yi watsi da duka ya kai shekara 90 yana ƙidaya dammunansa daidai. Haka noma yake. Wani ya zuba taki fari ya cinye gonar, amma ba wanda ya ce don haka a bar taki.

Kada ka ce maganar Turawa ce. Tun 1992 likitocin Ibadan ta Nijeriya da na Indiyanafolis ta Amurka suka riƙa bin tsofaffi ƴan shekara 65 zuwa sama, Yarbawa a Ibadan, baƙar fata a Amurka. A sakamakon da suka fitar a 2001, cikin kowane tsoho 100 na Ibadan ɗaya da ɗan ɗoriya ke kamuwa a shekara, na Amurka kuwa sun haura uku. An kuma lura tsofaffin Ibadan ba su cika fama da hawan jini da sukari da kitse a jini kamar takwarorinsu ba. To, dubi garinmu yau. Tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙasa daga Matamaye zuwa Kance, yanzu babur ke yin ta. Shayi ya zama na safe da na rana da na dare, kowane da tulin sukari. Miya ba ta daɗi sai an jefa mata dunƙule uku, wanda wajen rabinsa gishiri ne, ga kanwa, ga gishirin kansa, alhali Hukumar Lafiya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali bai cika ba.

Abin da ya fi kama da halinmu shi ne wanda aka yi a karkarar ƙasar Sin. An ɗauki ƙauyuka 326, da mutum kusan 34,000 masu hawan jini. A rabin ƙauyukan aka koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, su riƙa auna jini, su ba da magani, su bi mutum su tuna masa. Bayan shekara 4, in ji rahoton da ya fito a 2025, ruɗewa ta yi ƙasa da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan nan in an gwada su da sauran. Ba wani babban inji aka kawo ba. Awo ne, da ƙwayar magani, da mutumin da ya san ƙofar gidanka.

To, ashe sani ya samu. Saura tambayar da ta fi wuya, wadda ba likita ke amsa ta ba. Me zai sa mai shekara 65 ya sake halin da ya saba da shi tun yana saurayi?

Je ka gwada. Ka ce wa tsohonka ya rage gishiri, ya bar taba, ya je awo. Amsa uku za ka samu, na ji su har na haddace. Ta farko, "Hali zanen dutse ne, yaro." Ta biyu, "Kwana nawa ya rage mini?" Ta uku, wadda ke rufe bakin kowa, "Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Kada ka yi saurin cewa taurin kai ne. Zauna ka auna maganarsa. Mutumin nan ya yi damina 50 yana duƙe a gona. Ya ga yunwar 1973, ya ga ta 1984, ya binne ƴaƴa, ya binne abokai. Abin da ya rage masa na jin daɗin duniya bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: kofin shayinsa, ƴar tabarsa, miyar da ta ji gishiri, inuwar da yake kishingiɗa. Kai kuma ka zo da takarda a hannu kana cewa ya bar su, don gudun wani ciwo da watakila ya zo bayan shekara 15, watakila kuma mutuwa ta riga shi. In ciniki ne, wa zai sallama? Ka biya yau da abin da ranka ke so, a ce za a ba ka kaya wata rana, kayan ma ba abin riƙewa a hannu ba ne, rashin zuwan wani abu ne. Wanda rigakafi ya yi wa aiki ba ya sanin ya yi masa. Ba ranar da zai farka ya ce, "Yau ce ranar da da na ruɗe, ga shi ban ruɗe ba." Don haka ni dai ban ga wautar tsoho ba in ya yi shiru ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Sa'an nan kuma babba ne, ba yaro ba. Wanda ya ɓoye masa tabarsa, ko ya riƙa yi masa faɗa a gaban jikoki, ya ɗauke masa abin da ya fi lafiya tsada a wurinsa, watau girma.

Amsar nan ta uku kuwa ba ta da ƙarfin da ake zato. Gaskiya ne ba mai tsere wa ƙaddara. Amma tsohon da ya faɗe ta, shi ne ke tashi da sassafe ya duba ko gara ta shiga rumbu. Shi ne ke ɗaure akuya da dare, shi ne ya matsa a kai jikansa allurar ƙyanda. Bai taɓa cewa in Allah ya rubuta gero zai tsiro ko ba a shuka ba. A kan rumbu yana yin sababi ya bar wa Allah sauran, a kan kansa ne kaɗai yake tsallake sababin. Ashe ba tawakkali ne ya hana shi ba. Ya san amfanin rumbu, bai ga sauran amfanin kansa ba. A nan gizo yake saƙa.

Bari in kai ka gona, domin amsar tana tsaye a can. Dubi gawon da ya cika gonakinmu daga nan har Magarya da Mirya. Yaron yau zai zaci haka ƙasar take tun fil'azal. Tambayi manya yadda gonaki da yawa suka zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984, iska na kwasar yashi tana binne shuka, mata na yini neman itacen girki. A lokacin doka ta ce itace na gwamnati ne, wanda ya sara a ci shi tara. Tsoron tara bai ƙara itace ba. Wani manomin ma in ya ga ɗan tsiro a gonarsa sai ya tumɓuke shi tun ba a gani ba, kada ya zame masa rigima. Abin da ya juya al'amari daga tsakiyar shekarun 1980 shi ne manomi ya fara ganin itacen nan nasa ne, kuma ya ga amfaninsa kusa. Ya bar tsiro, ya rage masa rassa, wannan da ake ce wa sassabin zamani. Tun shekarun farko ga ƴan rassan girki, daga baya ga ƴaƴan gawo na tumaki, ga gero ya fi kyau a gindinsa, domin shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya a 2006, sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a Magarya da Matamaye da Mirya sun kai wajen hekta miliyan ɗaya. Cikin masu barin tsiron nan akwai dattawan da suka san ba za su ga girman bishiyar ba. Ba labarin hamada mai zuwa bayan shekara 50 ne ya motsa su ba. Sun ga itace a tsakar gida, sun ga zangarniya ta yi nauyi, sun kuma san jika zai gaji sauran.

Haka zuciyar tsoho take game da kansa. Sai ya ga riba kusa, sai kuma ya san abin nan da ake cewa ya tsare yana da mai bukata.

Ribar kusa tana nan, mu ne ba mu iya faɗinta ba. Tsohon da aka cire wa yanar ido a Damagaram ya dawo yana ganin baƙin Alƙur'aninsa, yana gane mai gaishe shi tun daga nesa. Wanda aka wanke wa kunne ya koma jin hira, ana dariya yana dariya a kan lokaci. Wanda ya bar taba, tari ya rage masa, ya kai masallacin Juma'a da ƙafarsa. Tsohuwar da ke takawa kullum zuwa gidan ɗiyarta, guiwarta ta daɗe tana yi mata ruku'u da sujada. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana cikin abubuwan nan 14, amma ba wanda ya yi don su. Don salla ya yi, don hira, don kada a riƙe masa hannu. In za ka yi wa tsohonka magana, ta nan za ka shiga.

Mai wuyar shi ne hawan jini, domin ɓarawo ne mai sanɗa. Mutum ba ya jin komi, in ya sha magani ma ba ya jin ya ƙaru da komi, sai ya sha na wata ɗaya ya ce ya warke. Alhali maganin irin na kullum ne, ba a barinsa sai da sanin likita. Ga kuma kuɗi. A gidan da rumbu ke ƙarewa tun bazara, ƙwayar magani da tiyar hatsi kokawa suke yi, kuma mun san wadda ke kayarwa. Tsoho ba zai taɓa cewa a sayo masa magani jikoki na kwana da yunwa ba. Wannan nauyi naku ne, ku ƴan ci-rani da ke Kano da Agadas da Aljeriya. Kuna aiko da shaddar salla, Allah ya saka. Ku ware na magani daban, ku faɗi sunansa, kada ya narke cikin cefane.

Yanzu ga maganar mai bukata, kuma a nan ne nake so mu daɗe.

Abin da ke cikin kan tsoho ba nasa ne shi kaɗai ba, ajiya ce. Iyakar gona tana ciki, da bashin da ba a rubuta ba, da asalin dangi, da dalilin da ya sa gidan wane ba ya aure a gidan wane. Tsohuwa ita ta san wa ya sha nonon wa a shekarar da uwar wance ta kwanta ciwo, watau ita ta san auren da ba ya halatta. Ranar da suka ruɗe ba su kaɗai suka yi hasara ba. Ga kuma jinya, wadda kusan kullum a kan mace take faɗawa, ɗiya ko matar ɗa, ta bar tuyar ƙosanta ta yi shekaru tana wanki da tsaron ƙofa. Mutumin da aka ba ajiya, in ya bar ta inda gara za ta ci alhali yana da ikon ɗagawa, mun san sunan abin da ya yi. Saboda haka ni a ganina, i, akwai haƙƙi a kan dattijo ya tsare hankalinsa gwargwadon ikonsa. Baba, in kana saurare, ka gafarce ni, ɗanka ne ke magana. Jikin naka ne, amma abin da ke cikin kan namu ne da kai.

Sai dai haƙƙin nan ba a kansa kaɗai yake ba. Kai mai karatu, yaushe rabonka da ka tambaye shi ajiyar?

Muna alfahari ba ma kai tsofaffinmu gidan ajiye tsofaffi kamar yadda ake yi a Turai. Gaskiya ne, abin godiya ne kuma. Amma akwai wata irin ajiyewa da muke yi a cikin gida, da ladabi, da murmushi. Tsoho ya ɗauki hauya, a karɓe, "Haba Baba, muna raye? Zauna ka huta." Ya ce zai leƙa kasuwa, a ce, "Me za ka sayo? A aiki yaro." Tsohuwa ta jawo tire za ta ɓare gyaɗa, a ce, "Inna, bari, mutane za su ce mun sa ki wahala." Ka ji fa, mutane za su ce. Ashe ba don ita ba ne, don sunanmu ne. Kunnensa ya yi nauyi, mun gaji da maimaitawa, sai mu daina sa shi a hira. A yanke maganar auren jikarsa ta waya tsakanin Kano da Agadas, a zo a sanar da shi an gama. Da dare samari na fada, kowa ya duƙufa kan wayarsa, shi kuwa yana kan tabarma yana korar sauro. Cikin shekara biyu mun karɓe masa motsi, mun karɓe masa mutane, mun bar kunnensa ya toshe, uku ke nan cikin 14, duk da sunan girmamawa. Sa'an nan mu zo muna cewa ya rage sukari don ya tsare hankalinsa. Ya tsare shi ya yi me da shi? Wa ke yaɓe rumbun da aka ce masa ba za a ƙara zuba hatsi ciki ba?

Abin ya fi tsanani ga tsofaffin mata, kuma su ciwon ya fi kamawa. Yawancinsu ba su sami karatu ba, sun yi shekara 50 suna shaƙar hayaƙin murhu, in miji ya rasu kuma a mai da su ɗakin can baya. Namiji ko ba komi yana da masallaci sau biyar. Ita fa?

Ba ina cewa a bar mai shekara 80 ya yi noma da rana tsaka ba. Tsakanin wahala da zaman banza akwai fili mai faɗi. Ga kiwon tunkiya, ga tufkar igiya, ga saƙar faifai, ga tsaron lambu, ga biya wa yara allo, ga sasanta ma'aurata, ga dara a gindin bishiya, wadda ni ban taɓa ganin mai ƙwarewa a cikinta yana gyangyaɗi ba. Sharaɗin ɗaya ne, aikin ya zama na gaske. Tsoho yana gane aikin da aka ba shi don a rarrashe shi, kamar yadda yake gane tsabar kuɗin jabu.

Masana ma da suka gwada, ga abin da suka iske. A Finlan, Farfesa Miia Kivipelto da abokan aikinta sun tara tsofaffi 1,260 ƴan shekara 60 zuwa 77. Rabi aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da wasannin kaifafa tunani da awon jini har shekara 2, sauran aka ba su shawara kurum. A 2015 aka bayyana cewa na farkon sun fi riƙe kaifin tunaninsu. Aka sake irinsa a Amurka da mutum 2,111, sakamako ya fito a 2025. Wannan karon kowa an nuna masa hanya. Bambancin shi ne wasu an tsara musu aikin, suna taruwa da tsaransu sau 38 cikin shekara 2, ana tambayar kowa inda ya kwana, wasu kuwa sau 6 kaɗai, aka bar kowa da kansa. Duka sun ƙaru, amma masu yawan taruwa sun ɗara. Ratar ba ta da yawa, kada in yi maka ƙari. Sai dai ta nuna sanin abin yi daban, samun wanda zai tambaye ka ko ka yi daban.

Su sai da aka kashe kuɗi aka haɗa musu taron. Mu muna da shi kyauta: sahun asuba, majalisar gindin dogon yaro, adashin mata, zaman suna da na makoki. Mun ma ga yadda makarantun mazaje, waɗanda aka fara a jaharmu ta Damagaram wajen 2008, suka sa magidanta suka riƙa barin matansu zuwa awon ciki, ba da tsawa ba, da maganar tsara ga tsara. Abin da ɗa ya faɗa sau goma uba bai ji ba, abokin tasowarsa in ya faɗa sau ɗaya ya shiga. In dattawa biyar na majalisa ɗaya suka ce ran kasuwa za mu je awo tare, na shidan kunya za ta kai shi.

Ajin karatun manya ma irin wannan taro ne. A birnin Niyok na Amurka an bi tsofaffi 983 waɗanda ba su yi nisa a makaranta ba, aka bayyana a 2019 cewa waɗanda ba su iya karatu ba sun ninka masu iyawa wajen kamuwa da ciwon. Wannan bai ce wanda ya fara koyon baƙi da wasali yana da shekara 70 ya tsira ba. Amma dubi abin da aji ke ba shi. Ya taka ya je, ya zauna cikin mutane, ya wahalar da kansa a kan abin da bai sani ba, gobe kuma in bai zo ba a tambaya. Gemu ba ya hana ilimi. Wanda kuwa ya ce shi ya wuce zaman aji, to a kawo masa ajin gida. A zaunar da jika mai zuwa lakkwal da littafi da biro, kaka ya faɗa yana rubutawa, da boko ko da ajami: gonar kaza daga gawon kaza ta fara, wane ɗan wane ne, shekarar kaza aka yi kaza. Gobe jika ya karanta masa, ya ce, "A'a, ba haka na ce ba, goge." Da an yi wa dattijon nan na amalanke haka tun yana da sauran haske, da gidajen nan biyu suna cin tuwon juna.

Awon jini a gidan likita bai kai daɗewar dafa shayin farko ba. Ran kasuwa mai zuwa kada ka ce wa tsohonka, "Baba, tashi in kai ka awo." Ka ce, "Baba, ina so in sayi tunkiyar kiwo, ka zo ka duba mini haƙoranta, kada a cuce ni." Ka bari ya taka in yana iyawa, ka bari ya yi cinikin, ko da ya daɗe. In kun juyo, ku biya ta gidan likita, ka faɗa masa gaskiya cewa kana so a auna ku ku biyu, sa'an nan kai ka fara naɗe hannun riga.